Kwanan Watan da Na Karanta wa Ngo

Ni 'yar malamin makaranta ce, a unguwar Congo-Russia ta Jos aka haife ni. Tun ina ƙarama ake kafa misali da ni a layinmu. Ban taɓa ɗaukar nama a tukunya ba, ban taɓa satar amsa a jarrabawa ba. Aikina zama bakin taga, ina kallon hazo yana sauka kan duwatsu, ina rubuta baitoci a bayan littafina. Kowa na cewa ina da halin kirki, ni ma haka na ɗauka. Ban lura ba cewa dorinar da ke rataye bayan ƙofar Baba ce take riƙe da ni.

Da na gama karatu, na sami aiki a wani kemis kusa da Tina Junction. Ogana ɗan tafiye-tafiye ne, sai ya yi sati biyu bai leƙo ba. Dokarsa ɗaya ce: duk maganin da kwanan watansa ya wuce, in jefa a kwalin da ke ƙarƙashin kanta har a zo a kwashe a ƙone. Karon farko ke nan a rayuwata da na tsinci kaina inda babu ido, babu dorina.

Na fara da maganin ciwon kai daga kwalin nan, na ɗauka na sha, ban ji komai ba. Sai na ce wa kaina ai ɓarna ce a ƙone abu mai kyau haka. Wata ƙawata ta nuna mini yadda auduga da ɗan sifirit ke goge rubutun jikin kwali, na sayi ƙaramin hatimi mai lambobi. In goge tsohon kwanan wata, in buga sabo, in sayar don aljihuna. Ranar da aka ce jami'an duba magunguna suna gari, sai in ɓoye kayana in zama mutuniyar kirki. Suna wucewa in koma.

Akwai wata tsohuwa mai sayar da dankalin turawa a Gada Biyu, Ngo Chundung. Mijinta na fama da asma, sanyin Jos ba ya raga masa. Takan zo sayen abin shaƙar nan da ake fesawa a baki. Ba ta iya karatu ba, don haka kullum sai ta miƙo mini kwalin ta ce, "Yarinya na, karanta mini ranan mutuwan shi. Ido na ya tsufa, naki ne nawa."

Wata safiya ta zo da gaggawa, sabbin sun ƙare, sai guda ɗaya da na gyara da hannuna. Ta miƙo mini kamar kullum. Na dubi lambobin da ni na buga, na karanta mata su da murya mai daɗi.

"Sai baɗi, Ngo."

"Allah ya ba ki miji mai haƙuri," ta ce, ta ajiye mini dankali uku a kan kanta.

Bayan sati uku mijin ya rasu. Ban sani ba ko maganin ne ya gaza, ko kwanansa ne ya ƙare. Babu wanda ya bincika. Abin da ya fi ba ni kunya yau shi ne abin da na ji da labarin ya iso gare ni. Ban yi baƙin ciki ba, tsoro na ji. Da kwanaki suka wuce ba a zo nemana ba, sai na sami barci.

Wata nas ce ta tona ni, a kan maganin tari. Ta lura lambar takwas ɗin hatimina ta ɗan karkace. Aka kama ni, alƙali ya ba ni shekara ɗaya da rabi. Baba bai zo kotu ba. Duk tsawon shari'ar ba a ambaci sunan Ngo ba, domin babu wanda ya sani sai ni da Allah.

A gidan yari na zama fursunar da ta fi kowa biyayya. Wata rana gandiroba ta yabe ni a gaban mutane, ta ce, "Ku dubi Malama, ba ta taɓa ba mu wahala ba." Yabon da aka yi mini a layinmu ne ya dawo, kuma dalilin bai canza ba. Har yanzu dorinar nake kallo.

Da na fito, doka ta gama da ni. Ba wanda zai sake tambayata komai. Na yi wata guda ina kai-komo, sannan na hau keke napep zuwa Gada Biyu. Na durƙusa gaban tiren dankalinta na faɗa mata duka.

Mai saye ya zo, ta kore shi da hannu.

"Police ne ya ce ki zo?"

"A'a, Ngo."

"To wa ya aiko ki?"

"Ba kowa."

Ta share ido da gefen zani. "Ba zan ce na yafe yau ba. Zuciya na bai kai wurin ba." Sai ta kwance bakin zaninta, ta ciro kwalin maganin hawan jininta, ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba. "Karanta."

Na karanta mata abin da ke rubuce, ba ƙari.

Ƙannena, doka ta kama hannuna, kuma na gode da ta kama, da ba a tsayar da ni ba da na cutar da wasu. Amma doka ba ta san hanyar Gada Biyu ba. Kada ku auna kanku da abin da kuke yi ranar da jami'ai ke gari. Ku auna da ranar da wanda bai iya karatu ba ya miƙo muku takarda, ya ce idonku ne nasa.