Ranar da Na Kai wa Ƙanena Hayaniya

Ku matso ku ji labarin ƙanena, wanda kuke ce wa Baba Direba. Shekara talatin yana jan motar 'yan makaranta. Yara arba'in a bayansa, wannan na kuka, wancan ya cinye abincin wani, shi kuwa yana tuƙi yana raba faɗa ta madubi. Kunnensa ya saba!

To, sai ciwon daji ya kama shi a hanji. Aka yi masa aiki, aka ce duk bayan sati uku za a ɗaura masa ruwan magani, amma sai an auna jini an ga ya isa. Likita ta ce wa matarsa, "A rage masa damuwa. Damuwa na hana ci da barci, jiki kuma sai da su yake ɗaukar magani."

Wayyo, baiwar Allah ta ɗauki maganar nan da zafi! Ta kwashe jikoki ta kai gidan 'yarta, ta ɓoye wayarsa, ta cire batirin rediyo. Kowa sai raɗa, ana sanɗa kamar ɓarayi. Sau biyu ana kai shi asibiti ana dawowa da shi, jini bai isa ba. Likita ta ce in aka ci gaba da tsallake magani, ciwon zai samu sarari.

Na je na tarar ya juya wa ƙofa baya, kwano a rufe, ko taɓawa bai yi ba. Ya riƙe hannuna ya ce, "Yaya, ke ba kya ƙarya. Kwana nawa suka ce ya rage min?"

Na ce, "Kwanan me, sarkin tsoro?"

Ya ce, "To me ake ta raɗawa a bayan labule?"

Ashe shirun ne ke cin sa! Na yaye labulen na ce, "Kana son jin abin da ake ɓoye maka? Sabon direba ya goga motarka da bango, madubi ya tafi!"

Ai sai ga mutum zaune! "Wane madubin? Na dama? Sai da na gaya masa kwanar nan sai an yi ribas!" Yana faɗa yana jawo kwano. Matarsa ta tsaya baki buɗe, na ce, "Ke ƙanwata, je ki kwaso jikokin nan."

Washegari na tasa shi gaba har wurin likita, na ce ta faɗa masa komai da bakinta, mai daɗi da mara daɗi. Ya yi ta tambaya, tana ba shi amsa ɗaya bayan ɗaya.

Bayan sati guda aka sake auna jini. Muna kan benci ni da shi, nas ta leƙo ta ce, "Baba, jini ya isa, miƙo hannu, yau za mu ɗaura." Ni da gwiwar nan tawa mai ciwo, na yar da sanda na miƙe ina tafi, har mai shara ta ce, "Iya, asibiti ne fa!"