Sunaye Bakwai da Kyari Ya Ɓatar

Kyari mai gyaran salula ne a Birni, cikin Damagaram. Bai yi nisa a lakwal ba, wato makarantar boko, amma ya koyi Python, harshen da ake ba kwamfuta umarni da shi, a wata tsohuwar na'ura da ya gyara da kansa.

Kakarsa Fanta ce kaɗai ta san jerin kakanninsu, daga mahaifin Kyari har zuwa wanda ya baro Barno, mutum goma sha shida. Kyari ya ce zai adana su. Ta faɗa, ya shigar, ya tsara su kamar sarƙa: kowane suna yana riƙe da na gaba da shi kaɗai.

Baffansa Suma'ila ya ce, "Ka rubuta a takarda ma."

"Haba Baffa, an wuce nan."

Da damina Fanta ta yi jinya mai tsanani. Lokacin ne Suma'ila ya ce an tsallake wani Umar bayan na tara. Don gudun kuskure, Kyari ya laƙaba wa jerin wani suna na biyu a kwamfutar, a zatonsa ya yi kwafi. Sai ya haɗa na tara da Umar, ya manta bai fara haɗa Umar da na goma ba. Babu mai riƙe da na goma kuma, Python kuwa share abin da ba a riƙe da shi take yi. Ya adana a kan tsohon fayil kafin ya duba.

Jerin ya tsaya a Umar. Ya buɗe kwafin, nan ma a Umar ya tsaya. Ashe jeri ɗaya ne mai suna biyu.

Mako uku yana kauce wa ɗakin Fanta. Ranar da ya shiga, da littafi da biro ya shiga, kansa a ƙasa.

"Maigidan, yau ka tuna da tsohuwar matarka?" in ji ta. "Ina akwatin naka mai wayo?"

"Kaka, bakwai sun ɓace. Ni na ɓatar da su."

Ta gyara zama, ta fara daga mahaifinsa. Ta kai na tara, ta ce Umar, ta tsaya. Ta koma farko. Nan ta sake tsayawa, leɓenta yana motsi.

"Ai kai ka ce in huta, ka riƙe mini," ta ce, ba da faɗa ba.

Kyari ya rubuta goman da ta faɗa. Ya bar layi bakwai a ƙasa, ya kasa ɗaga ido ya dube ta.