Rishon Yaya Hauwa da Guntun Sabulu

Shekara hamsin ke nan da muka rasa Yaya Hauwa, a shekarar da aka raba mu da Sakkwato aka ba mu Jihar Neja. Gari na ta murna, mu kuwa a gidanmu na Kontagora tabarmin zaman makoki aka shimfiɗa. Ni ce ƙanwarta, ina 'yar sakandare lokacin. Yau ga ni da furfura da jikoki, ita kuma har gobe a idona matashiya ce mai wushirya, tana taka keken ɗinki tana dariya.

Ita ce mace ta farko a layinmu da ta mallaki risho, irin mai famfo ɗin nan na tagulla. Da kuɗin ɗinkinta ta saye shi, don ta huta da hayaƙin ɗanyen itace da damina. Mata sukan shigo don kawai su ga harshen wutarsa mai shuɗi. Ba a daɗe ba ta lura gindinsa yana ɗan jiƙewa da kananzir. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ta ɗauke shi ta mayar kanti, na raka ta. Mai kantin dattijo ne da ake ganin mutuncinsa, sahu ɗaya suke salla da Babanmu. Ya jujjuya shi ya ce, "'Yata, kowanne yana ɗan yi. Ki goga masa sabulu a wurin, zai toshe."

Ba ƙarya ya ƙirƙira ba, haka ake yi a lokacin. Tankin babur in ya tsage, sabulu. Garwar kananzir in tana ɗiga, sabulu. Yaya ta ji kunyar ja-in-ja da sa'an mahaifinta, ta yi godiya muka dawo. Kullum kafin ta kunna sai ta goga guntun sabulu, yoyon kuwa ya ɗauke a ido. Abin da ba mu sani ba, tsagewa ce aka liƙe da dalma aka goge, aka sayar a matsayin sabo.

Da hantsi abin ya faru, tana dafa wa 'yarta koko. Ta buga famfo, tankin ya buɗe, wuta ta kama zaninta. Maƙwabciyarmu Mama Saratu, Kirista ce 'yar Auna, ita ta fara shigowa ta lulluɓe ta da jiƙaƙƙen bargo, har Mama Saratu ta rasu akwai tabon ranar a hannuwanta. Yaya ta yi jinya kaɗan a asibiti, Allah ya karɓi abarsa. Jaririyar tana kan tabarma can gefe, ko ƙwarzane ba ta yi ba.

Mai kantin ya zo ta'aziyya yana hawaye, kuma na yarda hawayen gaskiya ne. Mama Saratu ta ce a kai magana gaban alƙali. Baba ya ce kwana ne ya ƙare, ya yafe, ya bar wa Allah. Ban taɓa ganin laifin Baba ba. Mutumin da ya binne 'yarsa da hannunsa ba shi da ƙarfin zaryar kotu, yafiya kuma hali ne na manya. Amma sauran rishon da ke kantin fa? Babu wanda ya tambaya. Daga baya muka ji 'yan koli sun kwashe su zuwa kasuwannin ƙauye, wajen Mashegu da Kumbashi. Ban san ɗakin wa suka shiga ba. Wannan tunanin ya fi komai damuna da na girma: haƙƙinmu muka yafe, amma shirunmu ya taɓa haƙƙin waɗanda ba mu ma san su ba.

Na kan tambayi kaina, da Yaya za ta leƙo Kontagora ta yau, me za ta ce? Na san za ta yi murna da tukunyar gas, don ita mai son sabon abu ce. Amma za ta riƙe baki in ta ga ana ɗura gas a shago jikin gidan mutane, ga mai suyar awara da wutarta a gefe, ga tukwane masu tsatsa an shafe su da sabon fenti. Dalmar jiya ce ta zama fentin yau. In kuma abu ya faru, sai a taru a ce ƙaddara. Ƙaddara gaskiya ce, na yi imani da ita. Sai dai malamanmu sun karantar da mu cewa mai sayarwa wajibi ne ya bayyana aibin hajarsa, dokar ƙasa ma ba ta wanke wanda ya sayar da abin da zai halaka mutane ba. Tawakkali bai taɓa zama bargon lulluɓe sakaci ba.

Jaririyar nan a hannuna ta tashi. Bana muka aurar da 'yarta, wadda aka mayar wa sunan Yaya, muna kiranta Ummi. A cikin kayan ɗakinta har da tukunyar gas, tana ƙyalli. Ranar jere na kaɗa ruwan sabulu a kofi na shafa a wuyan tukunyar da bakin tiyo, kamar yadda ake gwadawa yanzu. Ummi ta ce, "Kai, tsohuwar nan! Wanka za ki yi mata? Ko ita ma amarya ce?" Ƙawayenta suka kwashe da dariya. Na ce, "Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani gudu yake." Ban rufe baki ba kumfa ta fara tasowa, ƙwai-ƙwai, tana fashewa. Dariya ta ɗauke.

Mai shagon da aka sayo tukunyar ɗan aminiyata ne, a gabana aka yi sunansa. Wasu suka ce a canza a wani wuri kawai, kada a ɓata zumunci ana tsakiyar biki. Kunyar nan dai da ta dawo da Yaya gida da rishonta. Na sa hijabina, aka ɗora tukunyar a keke-napep. Da ya duba sai ya ce, "Hajiya, ai kowace tana ɗan yi." Kalma ɗaya, shekara hamsin a tsakani.

Ban yi masa faɗa ba. Na zauna a bencinsa na ba shi labarin Yaya tun daga farko. Na ce ba canji kaɗai na zo nema ba, ina so ya gwada sauran a gabana, in kuma na ji ya sayar da mai yoyo, ni da ƙafata zan je wurin mai unguwa da hukuma, ko da uwarsa za ta daina gaishe ni. Ya aika aka sayo sabulu. Wasu suka yi kumfa, ya ware su gefe, ya ce zai mayar wa dilan da ya kawo. Ko ya mayar, Allah ne masani, amma ina bi ta ƙofar shagon, kuma ya san ina bi. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu namu ne ya kama, shi ya sa nake rubuta wannan don wasu su shafa wa nasu ruwa.

Me ya rage na Yaya Hauwa? Keken ɗinkinta ya daɗe da lalacewa, hotonta guda ɗaya ya dushe. Akwai wushiryarta a bakin Ummi, akwai addu'ar da nake mata bayan kowace salla. Allah ya jiƙanta, ya jiƙan Baba, ya yafe wa mai kantin nan. Sai kuma guntun sabulu da na ajiye a ɗakin girkin amarya. A hannun Yaya an sa shi ya rufe aibi, a hannun takwararta aikinsa ya tona. Jiya Ummi ta kira ni a waya, ko gaisuwa ba ta gama ba ta ce, "Tsohuwa, na yi mata wankan, babu kumfa." Sannan na ji ƙarar ashana.