Jarida Ɗaya, Bugu Biyu

A duk shekarun da na yi ina koyar da tarihi a Keffi, ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce ranar da Rakiya ta zo kare kundinta na digiri na biyu. Ɗalibata ce, 'yar unguwar Gangaren Tudu, ta yi bincike kan 'yan doya na kasuwar garin nan. A ƙa'ida, ana gayyato farfesa daga wata jami'a ya yi wa ɗalibi tambayoyi. In bai sa hannu ba, babu digiri.

Wanda aka turo mana daga Legas yake, dattijo mai bin diddigi. Ana zama ya ce Rakiya ta kafa hujja da wani rahoton tsohuwar jarida kan tashin 'yan doya daga mazauninsu, shi kuwa ya duba jaridar ranar a laburarensu, babu labarin. Ya ce ƙirƙira ta yi. A aikinmu hukuncin wannan kora ce, ba gyara ba.

Rakiya ta rantse cewa da idonta ta ga labarin. Ni kam raina ya ɓaci ƙwarai, don na san wahalar da ta sha.

Na ce, "Ranka ya daɗe, laburarenmu ba nisa. Mu je mu gani."

Ba a fita da tsofaffin jaridu waje, don haka muka kwasa gaba ɗaya cikin rana, har da shugaban sashe yana jan babbar riga. Rakiya ta buɗe shafin, sai ga labarin ɓaro-ɓaro. Farfesa ya fito da hoton jaridar laburarensu da ya ɗauka a wayarsa: rana ɗaya, shafi ɗaya, amma a nasa wani labarin Legas ne a wurin.

Ya daɗe yana kallon shafukan biyu, sannan ya dafe kai. Shi da kansa ya bayyana mana cewa a da, bugun farko ake lodawa a mota daga Legas zuwa Arewa, daga baya a canza wasu labarai a buga na cikin birnin.

Ya ce, "Malama Rakiya, ki yafe mini. Na zarge ki a banza."

A kan teburin laburaren ya sa hannu. Wallahi har ofis na koma ina dariya ni kaɗai.

Tun daga ranar, duk ɗalibin da ya kafa hujja da jarida sai ya rubuta mini wane bugu ne, a ina ya karanta. Ku kuma sabbin malamai, kafin ku kira ɗan mutane maƙaryaci, ku taka ku je ku duba.