Goron da na kai buro

Ɗana na fari, wanda ba na faɗin sunansa, ya samu aiki Konni zamanin da aka kawo ordinata, wato kwamfuta, ofishin da muke ce wa buro, inda manyan motoci ke tsayawa a yi masu takarda. Inji biyu ne. Ɗaya na aiki, ɗaya na zaune a kunne, ba ya komai.

Na ce, "Wannan na biyun, rago ne?"

Ya ce, "Jira yake, Inna. In wancan ya faɗi, shi ɗauka nan take."

Bayan ɗaki ga janareto, shi ma jira yake. Har mutane biyu aka ɗauka, shi da wani dogon yaro ɗan Illela, don kada a bar wurin ba kowa. Ni dai ban gane ba. Jakina guda ya kai ni Badaguishiri shekara da shekaru, ban taɓa ɗaure wani yana kallonsa ba.

Sai matarsa ta haihu namiji, za a mai da sunan marigayi maigidana. Na ce lallai uban yaro shi zauna gaban liman a nan garinmu Tsarnawa, shi faɗi sunan da bakinsa. Ya ce ya shirya, dogon zai tsare masa buro.

To ni ba a suna gidana a tsallake mutum. Na ɗaure goro, na hau mota, na kai wa dogon har buro. Ya ce, "Inna, aiki..." Na ce, "Ka ci tuwona sau nawa? In ban gan ka ba, kada ka ƙara gaishe ni."

Ranar suna da hantsi an shimfiɗa tabarmi, rago na ɗaure, sai ga dogon bisa babur, ya sha babbar riga. Ɗana ya miƙe tsaye.

"Wa ka bari can?"

"Inna ce ta ce..."

Bai ko sa takalmi daidai ba, ya karɓe babur ɗin ya yi Konni. Liman ya jira har rana ta ɗaga. Ƙarshe ƙanen marigayi ya faɗi sunan, dogon na gefe yana amin.

Da la'asar ɗana ya dawo. Na ce, "Injin ya faɗi?" Ya ce a'a. "Na biyun fa?" Lafiya lau.

To mi ya tahi yi? Ya ce ai don kada ya faɗi ne. Jikan nan yanzu ya yi gemu, har yau ban ga inda maganar nan ta dosa ba.