Gatarin Sabi'u

Ranar da ruwan sama ya cika lungunan Agege, wani mai faskare ne ya ɗauko wa Badiyya itacenta har ƙofar ɗaki. Har yau ba ta san sunansa ba.

Kullum yana bakin titin jirgi, siriri, babu yatsu biyu a hannun dama. Ya haɗa jak ɗin ɗaga babbar mota da ƙarfe mai kaifi, yana danna mariƙin a hankali, gungume na tsagewa. Shi ba ya nishi, amma ita nishin mijinta Sabi'u take ji, wanda faskare ya cinye wa ƙirji.

Gatarin marigayin na bayan ƙofarta. Ranar ruwan nan mutumin ya daɗe yana kallonsa.

"Iya," in ji shi, "bakin injina dakushewa yake. Ki ba ni kan gatarin nan, in za ki iya rabuwa da shi."