Dokta Ɗan Juma, Mahaucin da Shanu Suka Gane

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 14 ga watan Mayu, 2025, bayan sallar azahar, Allah Ya karɓi ran Alhaji Ɗan Juma mahauci a gidansa da ke Talata Mafara, bayan jinyar wasu watanni. Ina gida a Bakura ina tankaɗe wayar ta same ni. Kafin in sami mota in isa, an riga an kai shi makwancinsa.

Yaya Ɗan Juma, jama'a sun san ka da Dokta, ni kuma har gobe akwai masu kirana Jidda ko da yake sunana Hindatu. Fim ɗin Tsire da Nono ne ya laƙa mana waɗannan sunaye tun shekarar 1998. Waɗanda suka kalle shi sun san labarin: mahauci ya ga 'yar Fulani mai tallar nono a kasuwar Mafara ya kamu da sonta, ya san ba za a ba mai yanka shanu ɗiyar makiyayi ba, sai ya sa farar riga ya shiga ruga da sunan likitan dabbobi. Sun yi dariya, har yau suna yi. Abin da ya faru a bayan kyamara ne ba su sani ba, shi nake so in faɗa yau, domin a can na san ko kai wane ne.

Ba mu da komai a lokacin. Malam Mukhtar, malamin makaranta ne mai son wasan kwaikwayo, shi ya tsara labarin ya kuma ba da umarni. Kyamara ɗaya ce, ta Anwar mai ɗaukar biki, kuma duk ranar da ake ɗaurin aure a gari sai mu haƙura da aiki. Farar rigar likitan da kowa ya sani, zanen gadon matarka Taibatu ne aka yanka aka ɗinka. Abin da kake saƙalawa a kunne kana sauraron ƙirjin saniya, robar keke ce da murfin gwangwani. Kai da kanka ka haɗa shi a bakin rumfarka, abokan sana'arka suna tsokanarka.

Ranar da muka fara zuwa rugar Arɗo Maiwada, can wajen Gidan Goga, abin da Malam Mukhtar ya tsara shi ne ka shiga garke da isa, shanu su kewaye ka. Kana sa ƙafa suka ɗaga kai, suka shaƙi iska, suka watse kamar an jefa musu wuta. Aka tattaro su, aka sake, suka sake watsewa. Arɗo yana zaune a kan tabarma, ya yi dariya har hawaye, ya ce, "Malam, ku bar wahalad da kanku. Sun san shi. Ƙanshin rumfa ba ya ɓoyuwa." Malam Mukhtar ya ce wa Anwar ya ci gaba da ɗauka. Wannan gudun shanun da mutane suka fi so a duk fim ɗin, babu wanda ya tsara shi. Washegari ka yi wanka da sabulu har fatarka ta yi fari, ka cika aljihu da kanwa don su matso. Suka matso kuwa. Wata jar saniya ta bi kanwar ta yage aljihun gaba ɗaya, shi ya sa daga tsakiyar fim zuwa ƙarshe rigar Dokta ba ta da aljihu.

Haka faɗuwarka cikin hanyar ruwan noman rani a bayan Bakura. Kana tafe da baya kana yi mini bayanin ciwon shanu, ƙafarka ta zame. Dariyar da aka ji na yi a wurin tawa ce, ba ta Jidda ba. Ka fito jiƙe sharkaf, maimakon ka tsaya sai ka ƙarasa maganarka daga inda ka yanke.

Muna tsakiyar aiki magana ta tashi a garinmu. Aka kai wa mahaifina labari cewa ɗiyarsa tana yawon kasuwa da daji tare da maza, wani mahauci yana furta mata kalaman soyayya a bainar jama'a. Ya kira ni, bai ɗaga murya ba, ya ce na gama. Na yi kuka, ba don fim ɗin kaɗai ba. Na san idan na tsaya a nan, abin da aka faɗa a kaina shi zai tabbata a bakin mutane. Malam Mukhtar ya fara tunanin neman wata a sake komai daga farko. Kai ka ce a'a.

Ranar Talata ce, ranar kasuwa da kowane mahauci a Mafara yake jira. Ka rufe rumfa, ka ɗauko Taibatu kuka zo Bakura. Ina bayan ƙyaure ina sauraro. Kun daɗe kuna gaisawa, ka tambayi gona, ka tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan ka ce, "Baba, ban zo in yi gardama ba. Ɗiyarka ce, abin da kac ce shi za a yi. Amma ga iyalina nan, ta ji abin da aka ce, ita ta ce mu taho." Taibatu ta durƙusa ta ce, "Baba, ka ba ni amanarta. Ni zan zo in ɗauke ta, ni zan maido ta kahin magariba. Inda duk ta tsaya, ina nan tsaye." Mahaifina ya dube ku ku biyu. Daga bisani ya ce, "In matarshi ta yarda, ni mi zan ce? Allah Shi tsare."

Tun daga ranar Taibatu ba ta rabu da mu ba. Ita ke riƙe babban farantin silba da muke haska fuska da shi. Kai kuwa kunya ba ta taɓa barinka ka dubi idona ba, ko kafin wannan magana. Duk wurin da za ka faɗi kalaman so sai ka sarƙe, ka dubi ƙasa, ka manta abin da za ka ce. Da Malam Mukhtar ya gaji, sai ya tsayar da Taibatu daidai bayan kafaɗata. Nan take bakinka ya buɗe. Masu kallo sun sha ce mini ba su taɓa ganin namiji ya dubi mace da irin wannan ido ba. Gaskiya suka faɗa, sai dai ba ni kake kallo ba. Ni tsayawa kawai nake yi a tsakaninku, ina jin yadda mutum yake yi wa matarsa magana idan yana sonta. Da na tashi aure, abin da na gani a wurin shi na nema.

Ba ka ƙara yin wani fim ba. An neme ka daga nesa, ka ce kai mahauci ne, ka koma rumfarka. Amma ba ka saki kowa a cikinmu ba. Kowace haihuwa da na yi, sai ga saƙon nama daga Mafara. Da Anwar ya rasu, kai ka tsaya a kan marayunsa har suka yi hankali. Sa'ad da 'yan bindiga suka tashi rugar Arɗo Maiwada, suka kore shanun, tsohon ya iso Mafara da jikoki da sandarsa kawai. Ka kwashe kayan ɗakunan zaurenka ka sauke su. A gidanka Arɗo ya cika, kai ka yi masa sutura. Da wani ya yaba maka, ka ce, "Mutumin ga ya ba mu garkenai mun yi wasa da shi, bai tambaye mu komi ba."

Ganina da kai na ƙarshe bayan ƙaramar Sallah ne. Ka rame ƙwarai, amma ka matsa sai ɗanka Saifullahi ya kunna mana fim ɗin a waya. Na zaci kanka za ka kalla. Ashe mutanen da ke gefe kake nema. Kana cewa ya tsayar, kana nuna su da yatsa: wancan mai malfa ya rasu, waccan mai ƙwarya tana gudun hijira, yaran can da ke bisa tsamiya ba a san inda suke ba. Da aka zo wurin da garke ke gangarowa rafi da hantsi, ka daɗe kana kallo. Ka ce, "Hindatu, da babur muke zuwa wurin ga, mu yini, mu dawo, ba mai tsoron komi. Ina son in ƙara ganinai ko sau guda." Na ce in ka warke za mu je. Ka yi murmushi, domin mu duka mun san hanyar ba ta biyuwa.

Ina kewarka, Yaya. Ina kewar zamanin da ka tafi da shi, da mutanen da kai kaɗai ka rage kana riƙe da sunayensu.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Taibatu, da Saifullahi da Ihsan da sauran 'ya'ya, da jikokin Arɗo da suka sake rasa uba, da Malam Mukhtar, da dukan mahautan Talata Mafara. Allah Ya jiƙan Alhaji Ɗan Juma, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya yalwata kabarinsa, Ya sa Aljannar Firdausi ce makomarsa. Allah Ya ba iyalansa haƙurin rashinsa, Ya dawo wa ƙasarmu da zaman lafiya, Ya mai da kowane mai gudun hijira garinsu. Mu da muka rage, idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani, Ya sada mu da shi a inda babu tsoro kuma babu rabuwa. Amin.